Jinjina Ga Masu Gwada Manhaja A Ƙaramar Waya

Matasanmu masu rubuta manhajojin waya sun cancanci yabo, musamman waɗanda suka zauna suka koyi tsara fuskar manhaja da haƙuri. A da, sai ka buɗe manhajar ɗan gida ka tarar rubutu ya fice ta gefe, maɓallin aikawa ya ɓuya a ƙarƙashin allon rubutu, ka yi ta ja ya ƙi motsi. Yau abin ya yi sauƙi, kuma ba da ka aka kai nan ba.

Duk wanda ya taɓa Flutter, hanyar gina manhajoji wadda Google ta fitar da cikakkiyar sigarta ta farko a Disambar 2018, ya san ratsin nan na rawaya da baƙi da ke bayyana idan kaya sun fi wurin da aka ba su. Mai gaggawa yakan ƙayyade faɗin da lamba, ya yi daidai a wayarsa kaɗai, ya ce an gama. Waɗanda muke yaba wa sun bar wannan ɗabi'a. Suna sa Expanded ya raba fili, suna sa SafeArea don kada rubutu ya shige ƙarƙashin kyamarar gaba. Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da suke yi a ƙananan Itel da Tecno irin na kasuwar Farm Centre a Kano, wayoyin da jama'a ke riƙe da su. Madalla da ku.

Sai dai da sauran rina a kaba. Dattijon da idonsa ya yi rauni yakan ƙara girman rubutun wayarsa, nan take tsarin wasu manhajojin ya wargaje. Ƙa'idar Android ta ce wurin taɓawa kada ya gaza 48dp, amma har yanzu muna ganin maɓallan da sai ɗan yatsan yaro.

Sannan ga harshenmu. Jumlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo, maɓalli ya yanke ta a tsakiya, wani salon rubutun kuma ya mayar da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna. Ajami daga dama yake farawa, don haka wanda ya ɗaure tsarinsa da hagu da dama maimakon farko da ƙarshe ya rufe wa masu karanta shi ƙofa. Masu shirya tarukan DevFest a garuruwanmu, don Allah ku ware wa wannan batu zama guda cikakke, kowa ya zo da manhajarsa a juya ta zuwa Hausa a gaban jama'a.