Itacen Ruwan Zartsi

A wannan wata filinmu zai leƙa gabas, wajen Aneho, inda ruwan kogin Mono da na teku suke gauraya su zama zartsi. A bakin mashigin Gbaga, wanda ya raba Togo da Benin, akwai wani itace da Faransawa ke kira faletubiye. Saiwoyinsa a waje suke, sun tokare laka kamar ƙafafun gizo-gizo.

Cikin saiwoyin nan ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande suke fakewa har su girma. Ke nan mai sayar da bandar kifi a kasuwa yana cin albarkacin itacen, ko bai taɓa ganinsa ba. To, ga shi ana ta sararsa don girki da ƙyafe kifi. Madatsar ruwan Nangbeto kuma, tun 1987, ta sauya yadda Mono ke kawo ruwa. A 2017 hukumar UNESCO ta sa ƙarshen kogin cikin wuraren da ake kiyayewa, amma takarda ba ta dasa itace.

Ana iya renonsa a gida, cikin akwatin gilashi irin na kiwon kifi, ko babbar roba. Irinsa dogo ne kamar ƙaramar sanda, kuma tun yana jikin uwa yake tsira. A soka gindinsa cikin yashi da laka, a bar kansa saman ruwa, a ajiye inda rana ke samunsa. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, saboda haka a sirka shi da ruwan daɗi rabi da rabi. In ruwa ya ragu, a ƙara na daɗi kawai, domin gishiri ba ya bin tururi.

Sai gargaɗi game da dangin kwakwa. Kwakwar bakin teku tana jure iskar gishiri, amma ba ta son gindinta ya dawwama cikin ruwa. Wadda ke son zartsi ita ce nifa, 'yar Asiya. An kai ta Kalaba a 1906, ta bazu a Neja Delta tana ƙwace wurin faletubiye. Kada kowa ya kawo mana ita.

Malaman makarantunmu, ga aiki: kowane aji ya reni guda biyar, a mayar da su Gbaga. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.