Noti Ya Shiga Ba Shi Ne Birki Ya Gyaru Ba

Duk lokacin da aka ba da labarin haɗari a gangaren Hawan Kibo ko a wata mararraba mai cunkoso, magana ɗaya ce ke rufe zancen: birki ne ya tsinke. Sai a yi salati, a yi wa mamata addu'a, a janye motar gefen titi. Da wuya a sami wanda zai durƙusa ya leƙa daga ina tsinkewar ta faro. Birkin ƙaramar mota da na bas ɗin haya da mai yake aiki, man kuma a cikin siraran bututai yake bi daga masta, wato famfon da ke tura shi idan an taka birki, zuwa ƙafafu huɗu. A ganina, cikin ayyukan da ake yi a garejinmu babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar haɗa waɗannan bututai ranar da aka canza masta, balle idan mastan wata mota daban aka ɗauko da nufin ƙara wa birki ƙarfi. Ma'aunin da aka saba da shi, wato noti ya shiga kuma ba a ga yoyo ba, bai isa a ɗora ran mutum a kansa ba, kuma da mai mota da bakanike da mai sayar da kaya kowa yana da kamasho a wannan sakaci.

Sai mutum ya san nauyin da ke kan mahaɗar nan kafin ya gane girman maganar. Mai faci yana ba tayar ƙaramar mota iska 32 ko 35 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin dai, ranar da yaro ya gifta titi direba ya danne birki da iyakar ƙarfinsa, matsin da ke cikin bututu yana haura 1,000. Kimanin ninki talatin ke nan, a cikin bututun da kaurinsa bai wuce milimita 4.75 ba, ko kaurin fensir bai kai ba. Takun da ake yi a gareji, mota na tsaye, yaron oga yana danna birki yana hira, ba ya kusantar wannan matsi. Saboda haka mahaɗar da ba ta zauna daidai ba tana iya cin jarrabawar gareji, ta yi makonni tana yawo cikin gari lafiya lau, ta saki a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, haƙoran noti ba su ne ke tare mai ba. Aikin noti shi ne ya danna bakin bututu a kan mazauninsa a cikin ramin masta, ƙarfe ya kwanta kan ƙarfe, a nan ne ake samun toshiya. Bakin bututun kuwa iri biyu ne suka fi yawa a motocin da ke bin titunanmu. Ka ɗauki bututun Toyota ko Honda ka duba ƙarshensa, za ka ga a buɗe yake kamar ɗan mazurari, an ninke leɓensa zuwa ciki, idan kuma ka haska ramin da yake shiga za ka ga wani ɗan tsini a tsakiya wanda mazurarin ke hawa. Ka ɗauki na Golf ko Peugeot ko Opel, za ka ga ƙarshensa a dunƙule yake kamar kan albasa, ramin da yake shiga kuma a lotse yake kamar ƙoƙo. Inda tarkon yake shi ne, sau da yawa notin waɗannan biyun haƙoransu ɗaya ne, milimita 10 mai tazarar milimita 1. Notin Golf zai shiga mastan Toyota sumul, ba gardama, sifana ta ɗaure shi tamau. Amma a can ciki kan albasa ne ke karo da tsini, ko kuma leɓen mazurari ne ke tokare da gefen ƙoƙo, wurin haɗuwarsu bai fi kaurin zare ba. Da aka ga yana tsattsafo sai a ƙara ɗaurewa, bakin bututun ya murƙushe, tsattsafon ya tsaya, a ce an gama. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane. Bakin da aka murƙushe da ƙarfin tsiya ya riga ya sami rauni, jijjigar hanya ce kawai za ta ƙarasa shi.

Akwai tarko na biyu, shi kuma a haƙoran ne. Tsofaffin motocin Amurka da yawancin kayan da aka ƙera dominsu awon inci suke bi, kuma notin da ya fi yawa a wurinsu kaurinsa milimita 9.5 ne da ɗan ɗoriya, tazarar haƙoransa kuma ta ɗara milimita 1 da ƙiris. Ido ba ya raba shi da na milimita 10. Zai shiga ramin milimita 10 yana ɗan lilo, ya kama da gefen haƙori kawai, ranar matsi ya kwaɓe. A nan ne wasu ke naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo ko zaren buhu don notin ya cika ramin. Wannan gyaran gangar auzinawa ne, domin tef ya toshe inda ba a nan ake toshiya ba, ya ɓoye alamar da ya kamata ta sa a tsaya, guntayensa kuma suna iya shiga cikin mai su maƙale a wani bawul.

Ba ina cewa adafta haramun ba ce. Adaftar da aka ƙera domin birki, wadda gefe ɗaya ya dace da mazaunin masta ta fuskar haƙori da siffa, ɗaya gefen ya dace da bakin bututu, kayan aiki ce ta gaskiya, kuma ko a ƙasashen da ake ƙera motocin ana amfani da ita. Sharaɗin shi ne a san abubuwa huɗu kafin a je kasuwa: haƙori da siffar ramin masta, haƙori da siffar bakin bututu. Abin da ba shi da kyau shi ne a jera adafta biyu ko uku kan juna saboda ba a sami wadda ta dace ba. Kowace mahaɗa ƙofar yoyo ce, tsawon jerin kuma yana zama kamar sanda da jijjiga ke kaɗawa har ta karye daga tushe. Abin da ya fi duka shi ne a yanke tsohon baki, a sa notin da ya dace da sabon masta, a fitar da sabon baki da na'urar da aka yi don haka, ko kuma a ja sabon bututu gaba ɗaya. Sabon bututun ma ba kowane ba. Na asali ƙarfe ne mai ninki biyu, akwai kuma na garwayen jan ƙarfe da nikel wanda kamfanin Volvo ya fara sa wa motocinsa tun 1976 saboda ba ya tsatsa kuma yana lanƙwasuwa cikin sauƙi. Wannan daban yake da bututun jan ƙarfe na firji da na'urar sanyaya ɗaki, duk da kamar da ke tsakaninsu. Zallan jan ƙarfe yana taurara da yawan jijjiga, ya tsage ba sallama. Haka mahaɗar nan mai zobe da ake matsewa a kan bututu ba tare da an fitar masa da baki ba, ta aikin ruwa ce da makamantansa, matsin birki yana iya zare bututun daga cikinta.

Sai kuma tambayar da ya kamata a fara yi tun kafin a kwance komai: shin babban masta yana ƙara ƙarfin birki kuwa? Lissafin ba ya goyon bayan abin da aka ɗauka. Matsin mai shi ne ƙarfin ƙafa a raba shi da girman fuskar fistan. Idan aka cire masta mai faɗin milimita 22.2 aka sa mai 25.4, fuskar fistan ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, matsin da taku iri ɗaya zai samar kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da direba zai ji shi ne birki ya yi tauri, yana kamawa daga sama, sai ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, alhali sai ya ƙara danna ƙafa kafin motar ta tsaya inda take tsayawa da. Babban masta yana da amfani idan an girmama kayan birkin ƙafafun har suna bukatar mai da yawa. In ba haka ba, kuɗi aka kashe aka sayi nakasu. Ga kuma maganar layi. Tun 1968 dokar Amurka ta wajabta wa motocin fasinja masta mai ɗaki biyu, sauran duniya ma ta bi wannan tsari, don idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. A mota irin Golf an raba layin a gicciye ne, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu a layi ɗaya. A wasu motocin kuma gaba daban, baya daban. Wanda ya ɗauko masta mai ramuka biyu ya sa a motar da bututanta huɗu ne, ya haɗa su da mahaɗa mai baki uku yadda hannunsa ya kai, yana iya gauraya layukan, ya mai da kariya biyu ta koma ɗaya. Wanda kuma ya daddatse bututun baya da guduma don ya tsayar da yoyo, ya cire wa motar rabin abin da za ta dogara da shi ke nan.

Za a ce mini wannan maganar mai ƙoshi ce. Motocinmu yawancinsu 'yan Kwatano ne, sun tsufa tun kafin su iso, wasu an daina ƙera kayansu, direban haya kuma balas ɗin yau yake nema. Gaskiya ne, kuma ban raina dabarar makanikanmu ba, domin da ba don ita ba da rabin motocin da ke ɗaukar talaka sun daɗe a bola. Sai dai a duba inda kuɗin yake tafiya. Masta shi ne mai tsada, an kuma riga an saye shi. Guntun bututu da notuna biyu da ladan fitar da baki ƙaramin abu ne a gefensa. Na'urar fitar da bakin ma kayan hannu ce da gareji zai saya sau ɗaya ya yi shekaru yana mora. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, motar da aka ciro masta daga jikinta a nan bututanta da notunanta suke, abin da ake bukata kawai shi ne a ce wa mai kaya ya haɗo da su. Talauci ya isa hujjar sa mastan wata mota, amma ba shi ya hana a haska rami a ga siffarsa ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta ogan da zai ce shekara ashirin yana wannan aiki ba a taɓa dawo masa da mota ba. Na yarda da shi. Amma motar da birkinta ya saki a hanyar Gembu ba garejin da ya yi aikin ake mayar da ita ba, kuma ba a saba bin diddigin ƙaramin haɗari har zuwa kan noti ba. Rashin ƙorafi bai zama shaida ba idan hanyar da ƙorafin zai bi ya dawo a toshe take. Masta mai ɗaki biyu ma yana rufa wa mugun aiki asiri: layi ɗaya ya zubar, direba ya ji birki ya yi ƙasa, ya lallaɓa ya tsaya, ya sayi gwangwanin mai ya ƙara, ya ce motar tana shan man birki. Birki ba ya shan mai. Man yana ɗan sauka a hankali yayin da fad ke cinyewa, amma motar da ake ƙara wa mai kowane mako zubarwa take yi, kuma akwai inda yake fita. Masu cewa ƙaddara ce kuwa, babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara, sai dai addinin da ya koya mana ita shi ne ya koya mana riƙo da sababi da kuma nauyin amanar da aka damƙa wa mai sana'a.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana kan titi tun 1988, jami'an duba lafiyar motoci na jihohi ma suna nan, amma binciken gefen hanya takardu da taya da fitila ya fi gani. Buɗe bonet a dubi masta ba ya cin minti ɗaya, kuma jerin adafta ko tef ko jiƙaƙƙen noti ba sa ɓuya. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON tana da hurumin tilasta a rubuta awon haƙori da siffar mazauni a jikin kwalin adafta, maimakon a zube su a faranti ana zaɓa da ido. Amma na fi sa rai ga ƙungiyar makanikai ta NATA, domin oga ya fi jin maganar ɗan'uwansa oga, kuma yini ɗaya ya isa a koya wa yaran gareji bambancin mazurari da kan albasa da yadda ake fitar da kowanne.

Mai mota shi ma kada ya miƙa makulli ya tafi shan inuwa. Ya nemi a nuna masa bakin bututun da ramin mastan kafin a haɗa. Ya lura ko notin yana shiga da yatsu zagaye huɗu ko biyar kafin a sa sifana, ba lilo ba cijewa. Bayan an cire iska, an gama ta taka, riƙe, saki, a goge kowace mahaɗa ta bushe ƙayau, a tayar da inji, ya zauna da kansa ya danne birki da dukkan ƙarfinsa na tsawon minti guda. Idan ƙafarsa tana nitsewa a hankali, ko aka shafa farar takarda a ƙarƙashin noti ta fito da danshi, motar ba ta fita daga garejin ranar nan, ko da lodi na jiranta a tasha.