Ciwon Wuyan Hannu a Wasan Hawan Dutse: Waya Ma Tana da Nata Laifin

Tun da aka sa hawan bango cikin gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, bidiyon wasan suka cika TikTok da YouTube. Matashi zai ga Janja Garnbret, 'yar ƙasar Sulobeniya, tana lilo a jikin bango da 'yan yatsu kawai, sai ya ji shi ma zai iya. Abin da bidiyon daƙiƙa 30 ba ya nunawa shi ne shekarun da hannunta ya yi kafin ya saba da wannan nauyi.

Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun suke ba. Suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma wasu dogayen jijiyoyi masu kama da igiya ne ke ratsa wuyan hannu su ja yatsun. Tsoka tana ƙara ƙarfi cikin makonni, amma jijiya, da yake jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, sai ta ɗauki watanni. Sabon mahayi yakan ji ƙarfi ya zo masa, ya matsa wa kansa, alhali igiyoyin ba su shirya ba. Yawancin ciwon daga nan yake farawa.

Fasaha ta ƙara wa abin sauri. A ɗakunan atisaye na Turai da Amurka akwai bangaye irin su MoonBoard da Kilter Board, waɗanda ake haɗawa da waya ta Bluetooth. Mutum ya zaɓi hanya a manhaja, fitilu su haska wuraren da zai kama, ya gama ya rubuta nasararsa kowa ya gani. Ƙirƙira ce mai kyau, ba musu. Sai dai manhajar tana ƙirga abin da aka hau ne kawai, ba ta san wuyan hannu ya kwana yana zogi ba.

Laifin waya mafi girma a ranar hutu yake bayyana. Mahayi zai ce yau ya huta, sai ya kwanta rigingine, ya ɗaga waya mai nauyin kusan giram 200 sama da fuskarsa, wuyan hannu a karkace, babban yatsa na ta shafar allo na tsawon awanni. Wannan ba hutu ba ne. Akwai ciwon jijiyoyin gindin babban yatsa da wani likita ɗan Suwizalan, Fritz de Quervain, ya yi bayaninsa tun 1895, kuma yawan maimaita motsi ɗaya na iya tayar da shi. Wanda bai taɓa taka dutse ba ma yana iya kamuwa, balle wanda ya riga ya gajiyar da hannunsa jiya.

Da ciwo ya zo, da yawa sai su nufi kasuwar intanet neman na'urar tausa mai bugawa. Tana iya sassauta tsokar da ta ɗaure, amma ba ta gyara jijiya, kuma ɗora ta a kan wuyan hannu mai kumburi ganganci ne. Na'urar da ta fi cancantar kuɗin mutum ita ce mai auna ƙarfin jan yatsu, irin Tindeq Progressor, wadda ke nuna adadin a waya. Amfaninta shi ne a rage nauyi zuwa inda ba ya ciwo, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sauran kuwa kusan kyauta ne: ɗumama hannu kafin hawa, buɗe yatsu a cikin zoben roba don ƙarfafa tsokokin bayan hannu, jingina waya a kan tebur, da tura saƙon murya maimakon dogon rubutu.

Akwai kuma inda bincike a Google ba shi da amfani. Idan an ji wani abu ya yi ƙas a yatsa lokacin hawa, ko hannu ya kumbura, ko yatsu suna sagewa da dare, asibiti za a nufa. Haka ma idan an faɗo a kan tafin hannu kuma gindin babban yatsa ya ci gaba da ciwo, domin akwai wani ƙaramin ƙashi a wurin da kan tsage ba tare da hoton farko ya nuna ba.