La'adar katin banki: aljihun wa take fita?

Ƴan kasuwar Dogon Dutsi da Tibiri, a yi lissafi kafin karɓar na'urar biya da kati. Ma'aikacin da ya miƙa katinsa ba ya ƙara ko dala. Daga cinikin mai kanti ake cire la'ada. Bankinsa, da bankin mai saye, da mahaɗar bankuna irin GIM-UEMOA, wadda aka kafa a 2003, su ke raba ta.

A kan kuɗin kaya ake yanke ta, ko riba ta samu ko babu. A ce buhun gero jaka 25, riba jaka 2, la'ada kashi 2 cikin 100: dala 100 ke nan, rubu'in riba ya tafi. Mai turare ya jure. Mai hatsi, da wuya. A tambayi kuɗin hayar na'urar kafin sa hannu.