Tsadar hatsi da cimakar agwagi: mi ya kamata mai kiwo ya yi?

A gidaje da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, da unguwannin bakin kogi a Yamai, ana kiwon agwagi. Galibi mata da yara ne ke da su. In rashin lafiya ta faɗo cikin gida, ko lokacin komawar yara makaranta ya zo, sai a kama toro ɗaya a kai kasuwa. Amma in kuka tambayi mai agwagi abin da take ba su, sau da yawa za ta ce muku suna kiwon kansu. Wato kwata da juji da bakin tabki su ne akushinsu. A shekarun da hatsi ya yi tsada, masu faɗin haka sun ƙaru. Muna so mu duba tare da ku ko wannan tsimi ne, ko kuwa asara.

Mi ya kawo tsadar?

Ƙasar Nijar ba ta noma masarar da za ta ishe ta. Mafi yawanta daga ƙasashe maƙwabta take shigowa, musamman Najeriya da Benin. Haka ma dussar alkama da ake sayarwa buhu-buhu domin bisashe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki da waɗannan ƙasashe biyu, kayan abinci suka hau. An ɗage takunkumin a watan Faburairu 2024, iyakar Najeriya kuma ta buɗe a watan Maris, amma farashi bai sauko nan take ba. Sai damanar 2024 ta zo da ambaliya wadda ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gidaje da rumbuna suka rushe. A watan Oktoba 2024, magabata suka hana fitar da hatsi, dawa, masara da shinkafa zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso.

Ko ba a rufe iyaka ba, kun san yadda kasuwa take. Tiya tana sauka bayan girbi, ta hau da bazara, ta kai ƙololuwa tsakiyar damana lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Mai kiwon da ya dogara ga sayen hatsi kullum, kasuwa ce ke riƙe da shi.

Mu yi lissafi

Babbar agwagwa da aka tsare a gida tana cin kimanin giram 150 a rana. Agwagi 10 za su ci kilo ɗaya da rabi. A wata ɗaya kilo 45 ke nan, wato kusan tiya 18, in muka ɗauki tiyar hatsi a kilo biyu da rabi. Babu uwar gida mai hankali da za ta ɗebe tiya 18 daga bakin ƴaƴanta ta zuba wa tsuntsaye. A nan muna tare da ita.

To amma sakin agwagi ga kwata shi ma yana da nasa lissafi, sai dai ba a ganin shi a fili. Agwagwa tana kwanci kwana 35, ta ƙyanƙyashe ƴaƴa goma ko fiye. Ku tuna da ƙyanƙyasar da kuka gani ta ƙarshe a gidanku: nawa suka fito, nawa suka kai wata biyu? Waɗanda suka mutu, ba dukansu shirwa ta ɗauka ba. Da yawa yunwa ce ta raunana su, cuta ta ƙarasa. Wanda ya rayu ma yakan daɗe bai yi nauyin sayarwa ba. Bayan haka akwai maganar masu saye. Mutane da dama suna ƙyamar naman agwagwa, kuma dalilinsu ɗaya ne: sun ga inda take kiwo.

Abin da muke gani shi ne, akwai hanya ta uku. Agwagwa ba ta buƙatar ta yi takara da mutum a kan hatsi. Mafi yawan cimakarta tana iya fitowa daga abin da ya rage bayan mutum ya ɗauki nasa. Sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya: dole a ba ta wani abu kowace rana, kuma a san abin da ake ba ta.

Mi jikin agwagwa yake buƙata?

Na farko, abinci mai ba da ƙarfi. Shi ne dussar hatsi, ta dawa ko ta masara da kuke samu wajen surfe, da gyauron tuwo, da ɗan ɓarzajjen hatsi. Mutanen bakin kogi suna da dussar shinkafa. Amma ku bambanta ta da buntu. Buntun shinkafa yana cika ciki ne kawai, ba ya ƙara wa tsuntsu komi.

Na biyu, abinci mai gina jiki, kuma nan ne yawancin masu kiwo suke kasawa. Dussa ita kaɗai ba ta isa ta gina tsoka da gashi da ƙwai. Ana samun mai gina jiki a tunkuza, a garin kifi da ke ragewa wurin masu sayar da busasshen kifi, a wake da ƙwari suka huda in an soya shi ko an dafa, a fara, da kuma gara. Kama gara ba wuya. Ku sami tsohuwar tukunya, ku cika ta da guntayen kara da busasshen kashin shanu, ku yayyafa ruwa, ku kife ta kusa da suri da marece, ku rufe ta da ciyawa domin rana. Bayan kwana ɗaya ko biyu, da sassafe, ku ɗaga ta ku zazzage wa ƙananan.

Na uku, ganye. Agwagwa ta fi kaza cin ganye nesa ba kusa ba, wannan kuwa sa'a ce ga mai kiwo. Zogale, ganyen dankali, ragowar salati da shu daga garka, duk ku yayyanka ƙanana ku haɗa cikin dussa. Mai yin ƙwai kuma tana buƙatar ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, ko ƙashi da aka ƙona aka niƙa. Gishiri kaɗan ƙwarai, domin yawansa yana kashe ƙanana.

Ga awo mai sauƙi, da gwangwani ɗaya za ku auna duka. Ga ƴaƴan agwagwa, tun daga ƙyanƙyasa har sati 4: ɓarzajjen hatsi ko masara awo 5, dussa awo 2, tunkuza awo 2, garin kifi awo 1. Ku ba su sau huɗu a rana. Ga manya: dussa awo 6, ɓarzajjen hatsi awo 2, tunkuza awo 1, busasshen zogale awo 1, safe da marece. Kun ga inda hatsin ya tafi: ga ƙanana, waɗanda cikinsu bai da girma. In abin da kuke da shi bai isa kowa ba, ku fara da su, manya su jira.

Ku jiƙa abincin ya yi danshi, kada ya yi ruwa tsululu, kuma ku kwaɓa daidai wanda za su cinye nan take. Ruwan sha ya zamo kusa da abinci a koyaushe, domin agwagwa tana ci tana kurɓa, busasshen gari yana iya shaƙe ta. Mazubin ya yi zurfin da za ta tsoma kanta ta wanke hanci da ido. Ga ƙanana kuwa, ku jefa duwatsu a ciki domin kada su faɗa su jiƙe, sanyi ya kama su.

Hatsin da ya yi fumfuna

Wannan shi ne abin da muka fi so ku riƙe. Bayan ambaliya, ko in rumbu ya yi yoyo, hatsi da gyaɗa sukan jiƙe su yi fumfuna. Mutum ba ya iya ci, zubarwa kuma da ciwo, sai a ce a ba agwagi. Kada ku yi haka. Wani irin fumfuna yana barin guba cikin gyaɗa da masara, wadda masana ke kira afalatoksin. Dahuwa ba ta kashe ta, shanyawa a rana ma ba ta fitar da ita. An gano ta ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, inda talotalo kimanin 100.000 suka mutu saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A cikin tsuntsayen gida, ƴaƴan agwagwa ne suka fi saurin mutuwa da ita, domin hanta take lalatawa. Saboda haka in za ku sayi tunkuza, ku duba ta, ku sunsuna. In ta yi kore ko baƙi, ko tana warin ruma, ku bar ta ko da kyauta ce.

Haka nan mushe da ya ruɓe a bakin ruwa, da tsutsar da ke cikinsa. Agwagwar da ta ci su takan kwanta, wuyanta ya saki, ta kasa ɗaga kai. Ku riƙa binne mushe da zurfi.

Tabki da masassarar tsuntsaye

Gaskiya ne agwagwa ta fi kaza jure annobar nan da ke share kaji lokacin hunturu. Wannan ya sa wasu ke cewa ba ta ciwo. Ku tuna, a watan Faburairu 2006, lokacin da aka fara tabbatar da masassarar tsuntsaye a Nijar, a jikin agwagin gida aka same ta, a Magarya cikin jihar Damagaram. Agwagwa tana iya ɗauko cutar a tabki inda take haɗuwa da tsuntsayen daji, ta kawo wa kaji ba tare da ita ta nuna alama ba. Wadda ta saba samun abinci a gida ba ta nisa, kuma tsare ta yana da sauƙi ranar da aka ji labarin annoba. Ku raba mazubinta da na kaji. In kuka ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ku yanka, kada ku kai kasuwa, kada yara su taɓa su. Ku gaggauta sanar da ma'aikacin kiwo na gundumarku ko mai gari.

Aikin yana farawa ne da kaka, lokacin da dussa da tunkuza suke da araha. Ku shanya su su bushe sarai, ku zuba a buhu, ku ɗora bisa itace kada ya taɓa ƙasa ko bango. Zogale kuma a inuwa ake shanya shi. In agwaginku sun fi ƙarfin abin da kuka tara, ku sayar da toraye kafin bazara, ku bar toro ɗaya ga mata huɗu ko biyar.