Mayar da Batir Jikin Shasi: Aikin Yana Ga Waya

Wata dabara ta fara samun karɓuwa a wurin masu akori-kura, musamman masu jigilar kaya zuwa kasuwannin ƙauye: a cire batir daga gaban mota, a yi masa gida a jikin shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da motar baki ɗaya. A wannan mako ina so in yi magana a kanta, domin dabara ce mai amfani, amma irin wadda garin gyaran gira ake rasa ido.

Mu fara ba ta haƙƙinta. Babu abin da ke rage wa batir kwana kamar zafi. Yana ƙafar da ruwansa, yana kuma cinye farantan dalmar da ke cikinsa. A watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri kan haura digiri 40 a inuwa, balle a gefen injin da ya wuni yana aiki. Ga kuma mai son ƙara batir na biyu, wanda ba shi da wurin ajiye shi a ƙarƙashin bonet. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce: duk wanda ya tsaya kusa da tirela ya ga batura biyu a cikin akwati a jikin shasi, suna ba da bolt 24.

Sai dai tirela haka aka ƙera ta tun daga masana'anta. Akori-kura kuwa an auna wayoyinta ne bisa cewa batir yana dab da sitata. Batirin bolt 12 ne kacal, amma lokacin tayar da inji, musamman na dizal, sitata kan zuƙi ɗaruruwan amfiya a cikin daƙiƙoƙi. Gwargwadon tsawon waya, gwargwadon ƙarfin da ke ɓacewa a hanya, kuma ƙarfin da ya ɓace zafi yake zama. Saboda haka idan tazara ta ƙaru, dole kaurin waya ya ƙaru, kuma ta kasance jan ƙarfe zalla, ba alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe ba. Wanda ya yi jone da siririyar waya zai ga mota tana nauyin tashi, ya ɗora wa batir laifi, alhali wayar ce ke dahuwa a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fis. Jar wayar da ta taso daga batir tana ɗauke da wuta dare da rana, ko an kashe mota. Jikin motar kuwa gaba ɗaya shi ne hanyar komawar wutar. Idan gargada ta goge robar wayar har ta taɓa ƙarfe, batir zai juye duk abin da ke cikinsa ta wannan wuri, waya ta yi jawur. A ƙarƙashin akori-kura kuwa akwai tankin mai da bututunsa, a samanta akwai buhuna da jarkoki, a kan buhunan kuma sau da yawa akwai mutane, har da mata masu goyo. Babban fis da aka sa dab da kan batir, tazarar da ba ta wuce taki ɗaya ba, shi ne zai yanke wutar kafin ta zama gobara. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, amma shi ake fara yafewa idan ciniki ya yi tsami.

Sauran sharuɗɗan a fili suke. A ɗaure waya da kyau, nesa da salansa, a sa mata zoben roba duk inda ta ratsa ƙarfe. A haɗa baƙar waya mai kauri daga batir zuwa shasi inda aka kankare fenti, a sa wata daga shasi zuwa inji. A ɗaure akwatin da noti ta ramukan da shasi ya zo da su, domin walda da huji barkatai suna raunana shi. Kada akwatin ya sauko ƙasa da shasi, inda dutse zai same shi. Ya kare batir daga taɓon damina, amma ya bar iska ta fita, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta yayin caji. Kwaɗo ma ya zama dole, tunda abin da ya fito fili ya fito wa ɓarawo.

Shawarata ga mai mota ita ce ya yi wa mai wayarin tambaya uku kafin a kwance noti ko ɗaya: wace irin waya za ka sa, ina fis zai zauna, ta ina wutar za ta koma? Idan amsar ita ce "haka muka saba yi", a bar batir inda maƙera suka ajiye shi. Sauya batirin da zafi ya kashe asarar kuɗi ce kawai, kuma ana mayar da kuɗi. Fasinjan da ke kan buhu bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba, amana ce ya ba direba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.