Rasuwar Baba Mai Mangwaro



Sharhinmu na yau ta'aziyya ce. A makon jiya aka kai wani dattijo makwancinsa bayan ya haura shekara ɗari a duniya, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka rage a mazan jiyan da suka je yaƙin Bama. Waɗanda ya koyar, har masu furfura a cikinsu, Malam suke ce masa. Yaran unguwa kuwa ba su san shi da wani suna ba sai Baba mai mangwaro.

Yana saurayi aka ɗauke shi soja. A 1943 Turawan Ingila suka kafa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, ta 82 ta biyo baya, aka loda samarin Nijeriya da na ƙasar da yau ake kira Gana da wasu maƙwabta a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can aka shiga da su dazukan Arakan don su fuskanci sojan Japan. A kwarin kogin Kaladan babu hanyar mota. A ka ake ɗaukar harsashi da abinci, sauran kuma jirgin sama ke jefo musu da laima. Ga ruwan sama, ga zazzaɓi, ga matsattsaku. Da Hausa ake yawancin magana a bataliyoyin Nijeriya, har wasu hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung. Mu da muke wucewa ta barikin Dalet ko na Kalapanzin a Kaduna, ko muke jin sunan barikin Dodan a Legas, mu nawa ne muka san sunayen wurare ne a Bama, inda kakanninmu suka zubar da jini?

Da aka sallame su, abin da aka damƙa musu bai kai na sojan Bature ba, alkawarin aiki kuma ya bi ruwa. A Ankara ta Gana ma, ranar 28 ga Fabrairu 1948, harbe uku daga cikinsu aka yi da suka fito neman haƙƙinsu. Wasu baƙin ciki ya cinye su. Shi marigayi ya dawo da abu guda da ba a iya ƙwace masa: karatun boko da ya tsinta a bariki. Da aka tayar da yaƙi da jahilci a Arewa cikin shekarun 1950, ya ɗauki alli, yana tara magidanta bayan la'asar yana koya musu rubuta sunansu da karanta takardar haraji. Daga nan ya shiga firamare, ya koyar har ya yi ritaya.

Amma ni a ganina, lambunsa ne ya fi nuna ko wane ne shi. Fili ne a bakin fadama da mutane suka raina. Ya haƙa rijiya, ya kafa jigo, ya yi ta ban ruwa rani bayan rani. Kowane dashe sai ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya zuba toka a gindinsa saboda gara. Wanda ya taɓa ganin yadda yake aurar da mangwaro ba zai manta ba. Zai zaɓo reshe daga bishiya mai zaƙi, ya fere gindinsa da 'yar wuƙa kamar mai fiƙe alƙalami, ya tsaga kan dashen, ya cusa, ya naɗe da leda tsaf, sannan ya miƙa wa yaron da ke kallo wuƙar ya ce shi ma ya gwada. Mangwaro mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu, ba kamar wanda aka shuka daga ƙwallo ba, kuma da yawa cikin masu lambun yankin a hannunsa suka koyi wannan. Ga gwaiba, ga lemo, ga yazawa. Bai taɓa korar yaro don ya tsinci wanda ya faɗo ba. Jifa ne kawai ba ya lamunta, don yana karya reshe.

Abin da ke damuna shi ne abin da kan biyo bayan irin wannan rasuwa. Ba a gama zaman makoki ba dillalai kan fara zarya, a sare bishiyar da ta shekara sittin, a yanka wurin fuloti-fuloti. Gado haƙƙin magada ne, babu mai ja da wannan. Sai dai ana iya yi wa lambu kuɗi, ɗaya daga cikinsu ya biya 'yan'uwansa kasonsu, ko su amince su bar shi waƙafi ladan ya riƙa isa ga mahaifinsu. Ina roƙon iyalansa su duba wannan kafin su sa hannu a takardar kowa.

Hukuma kuma, ajiye furanni ranar 15 ga Janairu don tunawa da mazan jiya bai wadatar ba. Tsofaffin Bama da suka rage ba su da yawa, kuma ba sa jira. Gidajen rediyo, har da wannan namu, da sassan tarihi na jami'o'inmu, su ɗauki na'ura su je su naɗi muryoyinsu a bana, da Hausar da suka yi yaƙin da ita.

Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ba iyalansa da ɗalibansa haƙurin rashi.